Lagireton bayan bas ba ya samun iskar banza

Kai yaro, ajiye wayar nan ka zauna a kan tayar can. Ka tambaye ni, tunda injin Marsandi OM 366 da muka ciro daga motar kaya za mu dasa shi a bayan bas ɗin nan, me zai hana mu bar masa lagiretonsa yadda ya zo, ya fuskanci ƙofar baya, mu ƙara masa fankar lantarki biyu irin ta ƙananan motoci. Ka ce ka ga wani ya yi haka a waya. To, wanda ka gani ɗin bai ɗauko maka hoton ranar da ya sauke tof silinda, wato kan injin, ba.

Ka taɓa tsayawa a tasha ka dubi bas ɗin da ta shigo daga doguwar hanya? Gabanta da ɗan dama-dama, amma bayanta ja wur da ƙura, har yara na rubutu da yatsa. Iska ce ke tsagewa a goshin mota, ta bi gefe da gefe, in ta zo baya sai ta rasa abin bi, ta yi ta juyawa a wurin tana kwasar ƙura da hayaƙin salansa. A motar kaya lagireto na gaba, gudu kaɗai na tura masa iska kyauta, fanka taimako take yi. A baya babu wannan sadakar. In ka juya injin, fankarsa za ta riƙa jawo wannan dattin iskar ta baya, kuma da ƙyar, don gudun motar ma janye ta yake yi. Kada kuma ka ce mini za ka kife fankar ta koma hurawa waje. Yara da yawa sun gwada a gabana. Ko ka kife ta, inda take kai iska nan za ta ci gaba da kaiwa, ƙarfinta kawai ka rage. Mai hurawa daban ake sayenta.

Wannan tambayar taka ta tono mini wani miki. Shekarar da na aurar da babbar 'yata, wani Alhaji ya kawo mini bas wadda injinta ya yi nokin, ya ce in sa masa na motar kaya. Na ce masa zan yi, amma lagireto a gefe zai zauna kamar yadda ake yi wa manyan bas-bas na Marcopolo, kuma sai an sayi babba. Muka yi ciniki kamar za mu yi dambe, ya ba da rabi, ya ce sauran in mota ta je ta dawo. Sati uku na yi a ƙarƙashin motar nan. Na zaga kasuwar Kofar Ruwa ta Kano lungu-lungu ban samu lagireton da ya yi mini ba, sai da na je Panteka a Kaduna da kuɗin motata. Na tsaya a kan mai walda ya lanƙwasa mini rumfar fanka, wato murfin da ke kewaye fanka ya haɗa ta da lagireto, da kwano mai kauri, na auna na sake aunawa. Na toshe duk wata kafa da ke kewayen lagireton da robar tsohuwar taya. Ranar gwaji, a watan Afrilu, rana ta take, muka loda mata buhunan yashi muka je Zariya muka dawo, allurar geji ba ta wuce inda na ce ta tsaya ba.

Wata biyu tana aiki lafiya. Rannan da Asuba aka buga mini waya, wai injina ya kashe mota a Hawan Kibo. Ta ɗauko fasinja da doya daga Lafiya za ta haura Jos, ta yi tururi ta tsaya. Na bar aikina na tafi da yara biyu. Ina buɗe gefen, sai na ga fanka tsirara. Rumfar da na sha wahala a kanta babu ita. Na tambayi yaron motar, ya yi ta sosa ƙeya, daga baya ya ce fanbel, bel ɗin da ke juya fanka, shi ne ya tsinke a hanya makonni biyu da suka wuce, wani bakanike na bakin titi ya cire rumfar don hannunsa ya shiga, da ya gama ya ce ai ado ce kawai, suka bar ta a can. Da motar ta fara zafi kuma, shi direban ya sa aka cire tamostat, abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in injin ya yi zafi, wai don ruwa ya riƙa gudu. Sai suka koma ɗura mata ruwan rijiya a kowace tasha.

Tof silinda ya tsage, gasket ya ƙone, baƙin mai ya koma kamar kunun gyaɗa. Alhaji ya rantse aikina ne bai yi ba. Aka kai magana gaban shugabannin gareji, yaron motar da ya gaya mini gaskiya a bakin dutse ya zo ya ce shi bai taɓa ganin wata rumfa ba. Ni kuwa ba takarda, ba hoto, sai bakina. Aka ce a yi sulhu, sulhun kuma shi ne in sayi tof silinda daga aljihuna, ragowar kuɗina ya bi ruwa. Babur ɗina na sayar. Har yau in na ga Alhajin a ɗaurin aure da babbar riga yana miƙo mini hannu, sai na ji maƙogwarona ya ɗaci. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba, kuma motarsa ko tayar keke ce ba za ta sake shigowa nan ba.

Abin da wancan bakaniken bai sani ba, kai ma da alama ba ka sani ba, shi ne fanka ragguwa ce. Inda ya fi sauƙi nan take jawo iska. In babu rumfa, sai ta riƙa kwasar iskar da ke gefenta, wadda ta riga ta yi zafi a ɗakin injin, ta bar ta cikin lagireto. Kana jin ƙugi kamar jirgi, aikin banza. Saboda haka rumfa ta rufe fuskar lagireton gaba ɗaya, fukafukan fankar su shiga cikinta wajen rabi ko fiye kaɗan, tazarar bakinsu da rumfar ta zama ƙarama amma ba yadda za su taɓa ba in injin ya girgiza. Iska ta shigo ta ragar gefe, ta ratsa lagireto, ta fita ta ƙasa ko ta ragar ƙofar baya, kuma kada ka bar mata hanyar zagayowa ta sake shiga. Mafitar ta fi mashigar faɗi, don iska in ta yi zafi kumbura take yi. Salansa kuma ka kai bakinta ɗaya gefen.

Fankar lantarkinka kuwa, ka mayar wa mai ita. Kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin gas ɗin da injin nan ke ƙonawa ta lagireto yake fita, ga lita shida, ga lodi, ga zafin bazara da ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato. Fankar da za ta iya da wannan daga injin take karɓar ƙarfi, ko ta bel ko ta haidurolik. Na ƙananan motoci sai dai su yi masa fifita.

Tamostat kuma duk wanda ya cire mini shi a garejin nan ya kama gabansa. Wajen digiri 80 yake buɗewa, kuma yayin da yake buɗe hanyar lagireto yana toshe 'yar gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma injin. Ka cire shi, ruwa ya samu hanyar ƙetare, rabi ya daina zuwa lagireton ma. Tankin ƙarin ruwa ya zauna sama da komai, da siririn tiyo daga saman injin da saman lagireto zuwa cikinsa, in ba haka ba iska ta maƙale a tof silinda, wurin ya gasu kana ganin tanki cike. Yadda ake fitar da iska da ɗaure tiyo ba zan ɓata bakina ba, shekararka nawa a nan? Marfin tankin dai ka sayi na ƙwarai, shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100. Ruwan rijiya da na burtsatse gishirinsu ke toshe siraran bututun nan, ka sa kulan, ruwan sanyaya injin da ake sayarwa.

Sai abin da ya ci Alhaji da ni tare. Direban motar kaya yana zaune a kan injinsa, yana jin ƙauri, yana ganin tururi. Na bas yana can gaba, injin na baya da mita goma, ga rediyo ga hirar fasinja. Geji kaɗai ne idonsa, shi kuma geji in ruwa ya zube sai ya yi ƙarya, don abin aunawar ya koma rataye a iska, allura ta sauko kamar komai lafiya. Don haka za ka sa ƙararrawar ƙarancin ruwa a tankin, mai ƙara, wadda ko kurma zai waiwaya. Ka kuma gaya wa direba duk sati a lokacin hunturu ya hure lagireton daga ciki zuwa waje, musamman in akwai intakula, mai sanyaya iskar da ke shiga injin, a gabansa, don tsakaninsu ƙura da leda ke taruwa su zama tabarma.

In mun gama haɗawa za ka ɗauki takardar siminti ka kai bakin ragar gefe injin na aiki. Ta manne a kowane lungu, sama da ƙasa, ko mu kwance. Yanzu tashi ka ɗauko mini tef da kwali, mu yanki samfurin rumfar kafin mai walda ya tafi masallaci. Wayar taka ma ta yi rana: kowane abu muka ɗaura ka ɗauki hotonsa, mai motar na tsaye a gefe.