Kwana biyu a bakin teku: wane tanti za a saya, kuma a ina za a kafa shi?

Tambayoyin wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi. Masu su na shirin fita ranar Juma'a da yamma, su kwana biyu cikin tanti a bakin teku, su dawo Lahadi. Na zaɓi huɗu daga ciki.

Malam, mu huɗu ne za mu tafi. Na ga tanti iri biyu: wani babba mai ɗaki biyu da mutum zai miƙe tsaye a ciki, da wani gajere mai kama da ƙwarya a kife, wanda kuma ya fi babban tsada. Raina ya fi kwanta wa babban. Wanne zan ɗauka?

Ɗan'uwa, ɗauki gajeren. Na san abin da ya ja ka wajen babban, domin ni ma shi na fara saya. A wajen mai sayarwa ya yi kyau ƙwarai, a bakin teku kuwa sai ya zama bango tsaye da iska ke duka. Da rana ƙasa tana riga ruwa yin zafi, iskar da ke kanta ta tashi sama, mai sanyi ta taso daga teku ta cike gurbin, kuma ta fi ƙarfi daga azahar zuwa la'asar, daidai lokacin da yawancin mutane ke kafa tanti. Da dare kuma sai ta juya, ta riƙa busowa daga tudu. Nawa tantin bai kai asuba ba. Wajen ƙarfe uku na dare sanda ɗaya ta tsage, rufin ya kwanto mana a fuska, muka ƙarasa daren a mota da yashi a haƙora.

Ka fara duba sandunan. Na faiba, wato roba mai zaren gilashi, sun fi araha, amma in iska ta matsa musu tsagewa suke yi, su tashi da sili-sili masu soke hannu da yadin tantin. Na alminiyon lanƙwasawa suke yi, ana iya miƙe su a ci gaba. Sannan tantin ya zama mai rufi biyu: na ciki mai raga da numfashi ke fita, na waje mai tare ruwa wanda ya sauko har kusa da ƙasa. Iskar bakin teku cike take da danshi, mutum huɗu kuma na numfashi a rufe dare guda, to mai rufi ɗaya da safe zai riƙa ɗigo muku ko da ba a yi ruwan sama ba. A jikin kwalin za ka ga wata lamba da milimita, ita ke nuna yawan ruwan da yadin ke jurewa kafin ya fara yoyo. Kada ka sauka ƙasa da 1,500, in ka samu 3,000 ya fi. Batun yawan mutane kuwa, wanda aka rubuta "na mutum huɗu" ana nufin huɗu kwance kafaɗa da kafaɗa, babu jaka ko ɗaya. Ku ɗauki biyu na mutum uku-uku.

Abin da mai sayarwa ba zai tuna maka ba shi ne turaka. Siraran ƙarafan da ke zuwa cikin jakar tantin ba sa kama yashi, da yatsa biyu za ka zare su. Akwai masu faɗi da aka yi don yashi. In ba ka samu ba, ka cika ƙaramin buhu da yashi, ka ɗaura masa igiyar tantin, ka binne shi kamar kamu biyu a ƙasa, ka tattake. Sanda da aka binne a kwance ma tana yin wannan aikin.

In wannan ce fitarka ta farko, kuma akwai inda ake ba da haya, ka yi haya tukuna. Ko saye ko haya, ka kafa shi sau ɗaya kafin ranar, ka ƙirga sanduna da igiyoyi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan kun dawo ka wanke zif da sanduna da ruwan daɗi, ka shanya ya bushe sarai, domin gishiri na cin ƙarfe a ajiye.

Malam, ina so in buɗe ƙofar tanti da safe in ga ruwa a gabana. Mita nawa ya kamata in bari tsakanina da teku?

Malama, ba da mita ake auna wannan ba. Teku yana cika yana janyewa, a yawancin gaɓoɓi sau biyu cikin awa 24 da minti 50, wato tsakanin cika da cika kusan awa 12 da minti 25. Busasshen yashin da kika gani da la'asar yana iya zama ƙarƙashin ruwa da tsakar dare. Girman cikar kuma ya bambanta daga wuri zuwa wuri: a Bahar Rum ba ta taka kara ta karya ba, a mashigin Fandi na Kanada kuwa bambancin yakan kai kusan mita 16. Inda gaɓa take shimfiɗe, ƙaruwar mita ɗaya a tsaye tana iya cinye fili mai faɗin gaske.

Da kin isa, ki bi bakin ruwan da ƙafa ki nemi layin da teku ya zubar da shararsa, ciyawar ruwa da ɓawon kifi da guntayen itace. Nan cikar baya ta tsaya. Ki wuce shi sosai zuwa tudu. Ki kuma duba wata: lokacin tsayuwarsa da lokacin da ya cika, rana da wata suna jan ruwa a layi ɗaya, cikar takan zarce ta sauran kwanaki, don haka layin jiya ba zai zama shaida ba. Ana buga jadawalin cika da janyewa na kowace gaɓa, ki sauke shi a waya tun kina inda akwai sabis.

Wurare biyu da ke da kyau a hoto ki guje su: gindin dutse mai tsayi, saboda duwatsu na ɓallowa, da lungun da hanyar shigarsa ta bakin ruwa ce kaɗai, domin in ruwa ya cika kin rufu a ciki. Kuma ki tabbatar an yarda a kwana a wurin. Gaɓoɓi da dama an hana, wasu saboda kunkurun teku da ke ƙwai a yashi, waɗanda farin haske ke ɓatar da 'ya'yansu daga hanyar ruwa.

Jakar barci mai gashin agwagwa ko mai zaren roba?

Mai zaren roba. Ta gashi ta fi sauƙin ɗauka, ta fi ɗumi in tana bushe, amma da ta sha danshi sai gashin ya dunƙule ya daina riƙe zafi, kuma ba ta bushewa da wuri. Kuɗin da ka rage ka sayi 'yar katifar shimfiɗa. Yashin da ya ƙona maka ƙafa da rana, da dare shi zai riƙa zuƙe ɗumin jikinka.

Malam, dole ne mu sayi murhun gas? Muna tunanin hura wuta da itacen da ruwa ya kawo. Kuma ruwa nawa za mu ɗauka, tunda ga teku nan?

Ƙanena, tekun nan na kallo ne da wanka. Kowace lita ta ruwansa tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, wanda ya fi ƙarfin ƙoda, shansa ƙishirwa yake ƙarawa, tafasa shi kuma ba ya cire gishirin. Ku lissafa lita 4 ga kowane mutum a rana, sha da girki, ku ƙara jarka ɗaya ta ko-ta-kwana. Wata dabara: ku daskarar da robobin ruwa ku jera a kula. Dunƙulen ƙanƙara ya fi ƙanana daɗewa, in ya narke kuma kun samu na sha.

Murhun ku saya, ƙarami ya isa. Itacen bakin ruwa sau da yawa jiƙe yake, wurare da yawa kuma ba a yarda da hura wuta ba. Ku nemi murhu mai gajerun ƙafafu da tiyo tsakaninsa da tukunyar gas, shi za ku iya kare wa iska ba tare da tukunyar ta ɗau zafi ba. Duk yadda iska ta kai, kada ku shiga da shi cikin tanti. Yana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci. In an yarda da wuta kuka hura, da ruwa za ku kashe ta har ta huce. Garwashin da aka rufe da yashi yakan yi awoyi da zafinsa, washegari wani yaro ya taka.

Ba ka tambayi batun iyo ba, amma na san za ku shiga. In ka ga wani tsiri a cikin ruwa ya yi lumui, ya fi na gefensa duhu, igiyar ruwa ba ta fashewa a wurin, kada ka ɗauka nan ne mafi aminci. Sau da yawa ta nan ruwa ke komawa ciki da ƙarfi. Wanda ruwan ya ja, kada ya yi kokawa da shi yana neman gaɓa kai tsaye, gajiya ce ke nutsar da mutane. Ya yi iyo a gicciye, yana bin tsawon gaɓar, har ya fita daga tsirin, sannan ya juyo. In ƙarfinsa ya ƙare, ya kwanta rigingine a kan ruwa, ya ɗaga hannu ɗaya ya yi kira.