Amsa: Baba yana ajiye maganin suga da zarar ya ji sauƙi

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce an ɗora shi kan metformin da glibenclamide, amma da ya ji ƙarfin jikinsa sai ya ajiye su ya koma jiƙon ganye.

Kafin ku ce taurin kai ne, ku tambaye shi yadda ya fahimci ciwon. Yawancin dattawanmu suna ɗaukar maganin suga kamar na zazzaɓin cizon sauro, a sha kwana uku a warke. Ba wanda ya zaunar da su ya ce musu sauƙin nan aikin ƙwayar ne, ana dainawa sugan zai sake hawa. Mutum yana zaune a shagonsa a Kantin Kwari, sugansa ya haura 250 (mg/dL, ma'aunin suga a jini) bai ji komai ba, alhali ciwon yana cin ƙoda da ido da jijiyoyin ƙafa. A layin asibiti kuwa, ko na Murtala ko na Malam Aminu Kano, jama'a sun yi yawa, bayanin minti biyu ba ya zama a kai. Don haka wani ya riƙa raka shi, ya yi tambaya, ya rubuta.

Sai kuma abin da maganin yake yi masa wanda ba zai faɗa muku ba. Metformin yakan kawo gudawa da tashin zuciya a makonnin farko, shi ya sa ake shan sa tare da abinci, ana farawa da 500mg a ƙara a hankali. Glibenclamide ya fi buƙatar kula. In ya sha bai karya ba, sugan zai iya faɗuwa ƙasa da 70: rawar jiki, gumi, jiri, ruɗewa. Nan take a ba shi cokalin shayi uku zuwa huɗu na suga a ruwa, ko rabin kwalbar lemo, a sake awo bayan minti 15, sannan ya ci abinci. In ya suma kada a ɗura masa komai, a wuce asibiti. Wanda hakan ta taɓa faruwa da shi yakan tsorata da maganin gaba ɗaya. Ku gaya wa likita, don a dattijo ana iya canza masa wani.

Ku sayi na'urar awo. Ya ga lambarsa da idonsa ranar da ya sha da kuma bayan ya yi fashi, wannan ya fi faɗan 'ya'ya tasiri. Da safe kafin karin kumallo ana son 80 zuwa 130, a rubuta a littafi a kai wa likita, a kuma yi gwajin HbA1c, wato gwajin jini mai nuna matsakaicin suga na watanni biyu zuwa uku da suka wuce, duk wata uku.

Jiƙon ganyen nan kada ku yi faɗa a kansa, zai koma sha a ɓoye. Ku sanar da likita abin da yake sha. In kuɗi ne matsalar, ku tambayi mai magani irin sa mai araha mai lambar NAFDAC maimakon tsallake kwanaki. Azumi kuma, ko na Litinin da Alhamis ne, a gyara masa lokacin shan ƙwaya kafin ya ɗauka.