Zan yada zango a Jidda kafin Umra, ina zan ɗaura harami?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Madina ne, shekara goma sha ɗaya ke nan. Hutun makarantar yara ya zo, na shirya mu shiga jirgin ƙasa na Haramaini da maiɗakina da yara uku. Za mu sauka Jidda ranar Alhamis da la'asar, mu kwana uku wajen gwaggona, ranar Lahadi mu wuce Makka mu yi Umra. Wani abokina ya ce in ɗaura harami a Jidda kawai. Haka ne? Kuma yaya za mu yi da kasaru?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya sa albarka a tafiyar, Ya saka maka da zumuncin da ka yi niyya.

Abokinka ya haɗa hukuncinka da na gwaggonka, alhali ba ɗaya ba ne. A hadisin Ibn Abbas da Buhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya sanya wa mutanen Madina Zul Hulaifa a matsayin mikati, wato wurin ɗaura harami, ya ce mikatan da ya sanya na mutanensu ne da duk wanda ya biyo ta kansu yana nufin Hajji ko Umra, wanda kuma gidansa yake cikin da'irar mikati sai ya ɗaura daga inda yake. Gwaggo tana cikin da'irar, daga ɗakinta za ta ɗaura. Kai kuwa tun kana sayen tikiti Umra tana ranka, saboda haka Zul Hulaifa, wato Abyar Ali da ke bakin Madina, ita ce mikatinka. Kwana uku na baƙunta ba za su mai da kai mutumin Jidda ba. In ka wuce ba harami, ko dai ka komo mikatin kafin ka ɗaura, ko ka ɗaura a Jidda yanka ya hau kanka, a yanka a raba wa mabuƙata. Haka ita ma uwargida, nata daban.

Wani zai ce maka ai akwai tashar Birnin Sarki Abdullahi kusa da Rabig, ga Juhufa nan, ita ma mikati ce. Hanafawa sun yi sauƙi a nan. Amma malamanmu na Malikiyya sun keɓe wannan jinkiri ga wanda Juhufa ce mikatinsa tun asali, kamar Bamisire ko mutumin Sham da ya biyo ta Madina. Mazaunin Madina ba ya ciki.

To, in ka ɗaura tun daga Madina fa? Ya inganta, sai dai ka dubi abin da ka ɗauko wa kanka. Kwana uku cikin zane biyu a zafin Jidda, ba hula, ba turare, a gidan da za a tare ku da turaren wuta tun daga bakin ƙofa, ga 'yan'uwa na shigowa gaisuwa. Ban ga dalilin wannan wahala ba.

Abin da nake ba ka shawara, ka juya tsarin. Layin nan da aka buɗe a 2018 tsawonsa wajen kilomita 450 ne, jirgin yana kai ka Makka cikin awa biyu da 'yan mintoci, ta Jidda ma yake bi. Ku zarce Makka, ku yi Umra, ku yi aski, sannan a komowa ku sauka wajen gwaggo da kayanku na gida, hankali kwance. Canjin tikiti ko da da ɗan ƙari ne bai kai kuɗin tumaki biyu ba.

Jirgin ba ya tsayawa a mikati. Ku yi wanka a gida ku sa haraminku. Mafi kyau ku biya masallacin Abyar Ali a mota, ku yi niyya da talbiyya, sannan ku nufi tasha. In lokaci ya ƙure, ku yi niyyar da zarar jirgi ya motsa. Gabatar da ita kaɗan ya fi a farga an wuce, don abin da ke cin kilomita 5 a minti ɗaya in ya miƙe ba ya jiran mai neman takalmin yaro. Ko da uwargida tana fashin salla za ta yi niyya a nan, ɗawafi ne kawai za ta jinkirta. Asma'u bint Umais ta haihu a Zul Hulaifa, aka umarce ta da ta yi wanka ta ɗaura. Yaran da ba su balaga ba kuwa ba dole.

Kasaru ba shi da wuya. Tafiyarku ta zarce mil 48 da aka gindaya, wajen kilomita 80. Abin da ke yanke shi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ne a wuri ɗaya, ko salla ashirin, kuma ranar da aka shiga gari bayan alfijir ba ta cikin lissafi. Alhamis da la'asar zuwa Lahadi, cikakkun kwanakinku Juma'a da Asabar ne, don haka Azahar, La'asar da Isha'i raka'a bibbiyu. Kowane zango da lissafinsa, ba a tara na Jidda da na Makka. In ka bi liman mazaunin gari, a Harami ko a masallacin unguwar gwaggo, sai ka cika tare da shi.

Salla a cikin jirgi kuwa, a tafiyar awa biyu ba ka da buƙatarta. In rana ta yi zawali kuna tasha, ku yi Azahar a nan kafin a kira shiga, ka tsaya da ƙafarka ka fuskanci alƙibla.

Wallahu a'alam.