Man da aka ce na zuƙe

Ka tambaye ni yadda ake rage wa jirgin sama shan mai, sai ka ce akwai wani maɓalli da nake ɓoye maka. Ajiye wayar nan tukuna, yaro.

Zancen nauyi ba zan ɓata bakina ba, ko mai jaki ya san shi. Ka dai riƙe cewa mai ma kaya ne. Lita 1,000 ta Jet A1, wato kananzir ɗin jirgin sama, kusan kilo 800 ce, in ka cika tanki ba gaira ba dalili, mai kake ƙonawa don dakon mai.

Ni datti ne ya cuce ni. Wata shekara tsuntsaye jan baki suka far wa shinkafar fadamar Argungu, wani ɗan kwangila ya yi hayar ƙaramin jirgin feshi, muna tashi daga filin Birnin Kebbi. Jirgin nan a waje ya ci hunturu. Na buɗe inji, na shafa kwamfaresa, wato abin da ke matsa iska a cikinsa, yatsana ya fito baƙi ƙirin. Gaban fukafukai kuwa matattun ƙwari da ragowar magani sun bushe sun yi ɓawo. Na ce, Alhaji, a ba ni yini ɗaya in wanke. Ya ce tsuntsu ba ya jiran wanki.

Kwamfaresa mai datti ba ta matsa iska yadda ya kamata, dole matuƙi ya ƙara wa inji mai kafin ya ba da ƙarfin da ya saba, zafinsa kuma ya hau. Ɓawon fukafuki shi ma iska yake riƙewa. Kowane sawu mai na zurarewa. Da lissafi ya ƙi daidaita, Alhaji ya ce ni ke zuƙewa da dare ina sayar wa masu risho. A gaban yarana ya faɗa! Ya danne kuɗin aikina, na kwashe sifanuna na tafi. Wanda ya gaje ni wankin nan dai ya yi, shan mai ya sauka. Har yau ko "yi haƙuri" ban ji ba, kuma mun sha haɗuwa a masallaci.

Ku 'yan yanzu kun fito makarantar koyon aikin jirgin sama ta Zariya da takarda, kuna jira kwamfuta ta gaya muku inji ya yi datti. Ɗauko tocila, zo ka leƙa wannan ka faɗa mini abin da ka gani.