Tambaya da Amsa: Shin in canza boris ɗin ƙafar mota tun bai yi kuka ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da mota ƙirar Toyota Corolla ta shekarar 2008, wadda na saya a hannu, kuma yanzu mitarta ta haura kilomita 280,000. Harkar kasuwanci tana sa ni zirga-zirga tsakanin Potiskum da Kano, wani lokaci har da iyali a ciki. Makanikina ya ba ni shawarar in canza boris na ƙafafu huɗu gaba ɗaya, ya ce motar da ta yi irin wannan tafiya ba a jira sai boris ya yi kuka. Ni kuwa ban ji wani ƙara ba, sitiyari ma ba ya rawa. Shin in bi shawararsa, ko in bar su yadda suke? (Daga wani mai karatu a Potiskum, Jihar Yobe)

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce kada ka canza su saboda lambar da mita ta nuna kawai. Ka sa a duba su da kyau, idan an samu wanda ya fara gajiya a cire shi ba tare da jinkiri ba, sauran kuma a bar su. Damuwar makanikinka tana da tushe, domin boris ɗin da ya watse a kan gudu yana iya kama ƙafa ko ya sa ta fita, amma kafin ya kai ga haka yakan daɗe yana ba da sanarwa ga mai sauraro.

Boris na ƙafar mota iri biyu ne, kuma a nan ne ake yawan samun ruɗani. Akwai na kwancewa, wanda ake samu a manyan motoci, da tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, da ƙafafun gaba na wasu motocin a-kori-kura. Shi wannan ana fito da shi lokaci-lokaci a wanke, a cika shi da sabon giris, a sa sabon sil, wato robar da ke toshe bakinsa, a ɗaure noti daidai gwargwado. Akwai kuma rufaffe, wanda kamfani ya zuba wa giris ya toshe, ba a buɗe shi, ba a ƙara masa komai har ya mutu. Irin wannan ne a motarka: na gaba matsa shi ake yi cikin ƙarfen da ke riƙe da ƙafa, na baya kuma yana zuwa a haɗe da hob ɗinsa, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a jikinsa, a ɗaure shi da kusoshi huɗu. Masu ƙera mota ba su yanka wa rufaffen boris wa'adin canji ba, kamar yadda suka yanka wa baƙin mai ko bel ɗin taimin. Abin da suka ce shi ne a riƙa duba shi.

Dalili kuwa shi ne ba tsawon tafiya ne kaɗai ke kashe shi ba. Abin da ya fi kashe shi shi ne ruwa da ƙasa idan suka sami hanyar shiga ta sil, da dukan rami a kan gudu, da lodin da ya wuce ƙima. Motar da ta keta ruwan damina har ya rufe ƙafafunta, ko wadda masu wanki ke saita mata bakin tiyo mai ƙarfi a tsakiyar ƙafa, tana iya cin boris tun ba ta yi nisa ba, alhali wata ta ninka ta tafiya a kan kwalta mai kyau da boris ɗinta na asali. Ƙari a kan haka, tunda a hannu ka sayi motar, ba ka da tabbacin ko an taɓa canza wasu daga ciki, kuma idan daga Amurka aka shigo da ita, ka lura ko mitar mil take ƙirgawa, domin mil 100,000 ya kai kusan kilomita 161,000.

Babban abin da ya sa nake hana ka gaggawa shi ne abin da za a sa maka a madadinsu. Kasuwar kayan gyara cike take da jabu, a cikin kwalaye masu ɗauke da sunayen kamfanonin kirki irin su Koyo da NSK da NTN da SKF, kuma ido kaɗai ba ya iya bambance su a kowane lokaci. Sannan ga yadda ake sawa. Boris na gaba yana buƙatar injin matsawa, a danna shi a hankali ta zobensa na waje. A gareji da yawa guduma ake sawa, a ɗora ƙarfe a yi ta bugu, kuma kowane bugu da ya bi ta kan ƙwallayen da ke cikin boris ɗin yana barin ɗan tabo a hanyar da suke gudu, wanda ba a gani a ranar, sai bayan 'yan watanni ƙara ya bayyana. Haka nan babban notin shaf, wato sandar da ke juya ƙafar gaba, yana da awon ƙarfin ɗaurinsa, wanda a irin motarka ya haura nitan-mita 200, kuma da sifana mai awo ake ɗaure shi. Idan aka bar shi sako-sako, ko aka hau dogon bututu aka tsuke shi fiye da ƙima, an rage wa sabon boris kwana. Ka ga ke nan mutum yana iya cire lafiyayyen kayan kamfani guda huɗu, ya biya kuɗi a sa masa waɗanda ba su kai su ba.

Ga yadda za ka duba. Ka sami miƙaƙƙen titi marar cunkoso, ka kashe rediyo, ka rufe gilasai, ka saurara tun daga gudun kilomita 40 zuwa 80 a awa. Boris mai ciwo yana yin gurnani kamar na jirgin sama daga nesa, yana ƙaruwa da gudun mota, kuma ba ya sauyawa don ka ɗaga ƙafa daga totur. Idan ka ɗan karkata sitiyari hagu ƙarar ta ƙaru, galibi na dama ne, domin nauyi ya koma kansa. Idan ka karkata dama ta ƙaru, sai a zargi na hagu. Tayar da ta ci gefe tana yin ƙara mai kama da wannan, amma tata tana sauyawa da irin kwaltar da ake takawa, kuma tana bin tayar idan aka sauya mata wuri.

Daga nan sai gareji. A ɗaga motar, makaniki ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza. Rufaffen boris bai kamata ya yi motsi ko kaɗan ba. Sai ya ɗora hannu ɗaya a kan sifirin, ya juya tayar da ɗayan hannun, domin boris ɗin da ya fara ci yana aika wani gurzo da ake ji a tafin hannu tun kunne bai kama shi ba. A duba ko giris ya tsattsafo ta bayan hob, a kuma lura da fitilar ABS, wato ta na'urar da ke hana birki kulle taya, wadda kan kunna idan boris ya yi sako-sako. Bayan doguwar tafiya, idan tsakiyar ƙafa ɗaya ta fi sauran zafi sosai, ko dai boris ne ko birki ne ke kamawa, kuma dukkansu ba abin ɗaga wa ƙafa ba ne. Ga mai bin hanyar Azare da Wudil a kai a kai da iyali, ina ganin a yi wannan dubawa duk lokacin da aka juye baƙin mai, da kuma bayan an faɗa wani mugun rami.

Akwai lokacin da na yarda a canza shi ko bai yi kuka ba: idan ƙafar ta bugu har rim ya lanƙwashe, ko motar ta kwana cikin ambaliya, ko wani gyara ya tilasta a fitar da hob ɗin gaba, domin fitar da shi yakan tsage boris gida biyu, kuma ba a mayar da shi. Idan na gefe ɗaya ya mutu, ba dole ba ne a taɓa ɗan'uwansa matuƙar ya tsallake gwaji. Ranar da canjin ya zama dole, ka sayi kayan a wurin dillalin da zai ba ka rasit kuma ya karɓa idan an samu matsala, ka guji boris na gwanjo, ka sa sabon notin shaf, sannan ka tsaya da kanka ka ga an kai ƙarfen wurin masu injin matsawa.