Amsoshin Tambayoyinku: Aikin Jijiyar Gwiwa Ga Yara

Wata uwa daga Zariya ta rubuto cewa ɗanta mai shekara 13 ya tsinka jijiyar tsakiyar gwiwa a filin ƙwallo, an ce sai tiyata, tana tsoron kada ƙafar ta daina girma.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, amma tsoronki yana da tushe. A bakin ƙashin cinya da na ƙwauri akwai wurin da ƙashin yaro yake tsirowa, kuma idan aka huda shi ba bisa ƙa'ida ba, ƙafa tana iya gajarta ko ta karkace. Wannan ba kasafai yake faruwa ba, domin likitoci suna da hanyoyin kauce wa wurin. Ki tambayi likitan ko ya saba yi wa yara wannan aiki, kuma ki nemi ra'ayi na biyu a asibitin ƙashi irin na Dala. Kada ki bari jinkiri ya yi yawa, domin gwiwar da take gocewa tana cinye guringuntsi.

Malam daga Gusau yana tambaya ko ɗaurin gwiwa da ya gani a Facebook zai haɗe jijiyar. Ba zai haɗe ta ba, mai ɗori ma ba zai iya ba, domin ba karaya ba ce. Kuɗin nan ka tara su ka yi hoton MRI, tunda hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya.

Abin da yake ci mini rai shi ne uban da ya rubuto yana neman in amince masa ya dakatar da gashin ƙashi na ɗansa da aka yi wa tiyatar gwiwa, bayan wata biyu, wai yaro ya fara tafiya kuma kocinsa yana nemansa. Alhaji, ka sayar da fili ka biya tiyata, sannan kuɗin gashi ya zame maka nauyi? Jijiyar da aka dasa daga jikin yaron aka ciro ta, kuma tana ɗaukar watanni kafin ta kama sosai. Matasa sun fi manya sake tsinka ta, ko ma ta ɗaya ƙafar, musamman waɗanda suka koma fili kafin wata 9, kuma aiki na biyu ya fi na farko wuya da tsada. Kocin ba shi zai biya ba. Ka mayar da yaron wurin likitan gashi a wannan makon.