Wani ya ce zai ɓatar da fayil ɗin ƙanena ya fito daga gidan yari: in biya?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ƙanena yana tsare a gidan gyaran hali a nan Kano wata takwas ke nan, bisa tuhumar fashi da makami, saboda an sami wayar sata a hannunsa. Sau ɗaya aka kai shi gaban majistare, daga nan shiru. Mahaifiyarmu ba ta barci. Yanzu wani mutum da muka haɗu da shi a harabar kotu ya ce mu kawo naira dubu 300 zai sa fayil ɗin ya ɓace, gandurobobi su sake shi. Har mun sa filin gadonmu a kasuwa. Mene ne shawararka, kuma yaya za mu kula da shi a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya kawo mafita, ya sanyaya wa Mama zuciya. Ki janye filin nan daga kasuwa yau, kada sisinku ya shiga hannun wannan mutumin.

Ganduroba ba ya sakin kowa. Hukumar Gyaran Hali, wadda dokar 2019 ta sauya wa suna daga Hukumar Gidajen Yari, ajiya kawai take yi: da takardar kotu ta karɓi ƙanenki, kuma sai da takardar kotu za ta buɗe masa ƙofa. Ana ƙirga ɗaurarru kullum, jami'in da lissafinsa bai cika ba kuwa aikinsa ne ke cikin haɗari, har ma ya iya komawa ciki a matsayin fursuna. To, wane ne zai sayar da aikinsa da fanshonsa a kan kason da zai samu daga dubu 300?

Maganar ɓatar da fayil ita ce ta fi ci mini rai, domin kusan kullum sai na ji ta a bakin iyaye da matan ɗaurarru, kuma suna faɗinta ne da murna kamar sun sami mafita. Mutane sun ɗauka idan takarda ta ɓace laifi ya ɓace. A gaskiya mutumin ne yake ɓacewa. Majistare ba shi da hurumin sauraron shari'ar fashi da makami, shi ya sa ya ba da umarnin a tsare ƙanenki har 'yan sanda su aika da fayil ɗin bincike zuwa ma'aikatar shari'a, lauyoyin gwamnati su duba su ce ko akwai hujjar gurfanar da shi a babbar kotu ko babu. Wannan shawarar ita ce ƙofarsa. Idan suka ga cewa wayar kawai ya saya a kasuwa bai san ta sata ba ce, za su iya cewa a sallame shi, ko a mayar da tuhumar zuwa karɓar kayan sata, wadda ake samun beli a kanta. Idan fayil ya ɓace, babu abin da za su karanta, babu ranar zama, babu alƙalin da zai kira sunansa, amma takardar tsarewar tana nan daram a ofishin rikodi na gidan yarin. Na ga mutanen da suka yi shekaru a ciki a kan haka, wasu har sun wuce wa'adin da za a ɗaure su da a ce an same su da laifin. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke gidajen yarin Najeriya masu jiran shari'a ne, kuma a cikinsu babu wanda ya fi shiga uku kamar wanda ba a san inda takardunsa suke ba.

Su waɗannan dillalan na harabar kotu sun san duk wannan. Yawanci ma ba sa taɓa fayil ɗin. Su karɓi kuɗi, su ce oga ya yi tafiya, bayan sati biyu su ce a ƙaro na magatakarda, daga nan waya ta daina shiga, ku kuma ba ku da bakin kai ƙara domin cin hanci kuka bayar. Haka nan masu cewa za su yi aikin da alƙali zai manta da shari'ar: addu'a dai mu yi ta ba dare ba rana, amma mantuwar alƙali ita ce musibar da muke roƙon Allah ya kare ƙanenki daga gare ta.

Abin yi shi ne ki samo lambar ƙarar da sunan kotun daga ofishin rikodi ko na walwala a gidan yarin, sannan lauya ya bi sawu ya gano ko fayil ɗin ya bar hannun 'yan sanda, ya rubuta wa Kwamishinan Shari'a takardar tuni. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda Kano ta yi irin tata a 2019, ta sa wa umarnin tsarewa wa'adin kwana 14, ana sabunta shi iyakantaccen lokaci, ba har abada ba, don haka wata takwas babu zama hujja ce a hannun lauyanku. Babbar kotu ce kaɗai ke iya ba da beli a irin wannan tuhuma, tana kuma duba tsananin rashin lafiya ko jinkirin da ya wuce kima. Idan babu kuɗin lauya, Hukumar Ba da Agajin Shari'a, da aka kafa tun 1976, tana da ofishi a Kano kuma kyauta take aiki. A kuma nemi a sa sunansa cikin waɗanda Babban Jojin jiha zai duba idan ya kai ziyarar rage cunkoso a gidajen yarin Kurmawa da Goron Dutse.

Game da kula da shi, ziyara a kai a kai ta fi komai, domin ɗaurarren da aka san yana da masu leƙo shi ba a cika yi masa wulaƙanci ba. Mai jiran shari'a ana iya kawo masa abinci daga gida, sai dai za a sa ki ɗanɗana a bakin ƙofa, kada ki ji haushi. Gabzar da ake ba su ba ta riƙe jiki, saboda haka garin kwaki, ƙuli-ƙuli, suga da sabulu suna da amfani ƙwarai. Magani ya bi ta asibitin gidan, kuɗi kuma ta ofis, a rubuta. Kada ki yarda a ɓoye masa waya a cikin tuwo, domin sabon laifi ne a kanki da shi. Ki riƙa duba fatarsa saboda ƙazuwa, idan kuma ya yi tari fiye da sati biyu ki matsa a yi masa gwajin tarin fuka, domin cunkoso yana yaɗa shi. Duk zuwa ki gaya masa inda aka kwana a shari'arsa, ko da labarin ba mai daɗi ba ne, kuma ki ja masa kunne kada ya amsa laifin da bai yi ba don wani ya ce hakan zai sa a sake shi da wuri, domin hukuncin fashi da makami a dokar Najeriya kisa ne.